Hannu a Aljihu

Shekara ashirin da shida ina jan tirelar siminti
daga Ashaka zuwa duk inda kwalta ta ƙare.
Sai ran wata Laraba, na zauna alwala,
buta ta fi ƙarfin hannuna na dama,
bakina ya karkace kamar mota ta ci gefe.

A asibitin Gombe aka gangara da ni ɗakin gashi,
can ƙarshen baranda, inda ƙarafa biyu ke miƙe kamar layin dogo.
Nan na tarar da shi, Ba'indiye, siriri,
gashin baki kamar an ja da tawada.
Sajiban sunansa, mu muka datse shi Saji.
Na tallabo mataccen hannun na miƙa masa.
Nasa biyun suna aljihun farar riga, ba su fito ba.

Na ce a raina: ƙyama.

Sista Rifkatu, 'yar Kaltungo, ta karanta fuskata.
"Baba, takardarsa ce ba ta fito ba.
Shekara tara yana tayar da na kwance a garinsu,
amma a nan sai hukuma ta buga hatimi
kafin ya taɓa ko ɗan yatsanka."

Na yi dariya da rabin bakin da ya rage mini.
Ai na san wannan rami.
A hanyar Garwa jandarma ya taɓa juya lasisina gaba da baya,
ya ce wannan ba ya jin yaren ƙasarsu.
Kwana uku na yi ƙarƙashin mota,
ni da na haddace giya tun ban fara aske gemu ba.

Kullum da jakar leda yake zuwa, cike da shaidu.
Makarantarsu ta aiko sakamako a rufe, kada iska ta leƙa.
A ƙirga sa'o'in da ya yi a bakin gadon marasa lafiya.
Wasiƙar cewa bai taɓa karya kowa ba.
Hoto huɗu, kunnuwa a waje.
Ambulan na farko, in ji Rifkatu, Gambiya ya nufa,
wani a can gidan waya ya ga Gombe ta yi masa kama.

To, sai ya ari hannu.
Rifkatu ta kama gwiwata, jikana Babayo ya riƙe kafaɗa,
shi yana tsaye taku biyu baya, yana tuƙi da ido.
Hausarsa duka ba ta cika cokali ba:
"Ɗaga. Kaɗan-kaɗan. Saura ɗaya."
Ƙarya yake, ba a taɓa saura ɗaya ba.
Ran da na zame tsakanin ƙarafan
na ga aljihunsa ya yi tsalle,
ya dawo ya kwanta.

Wake ya sa in tsinta daga faranti zuwa gwangwani.
Ni, da na tsayar da tan talatin a gangaren Kwadon,
ina gumi a kan ƙwayar wake.

Ya tafi Abuja jarrabawa, ya dawo ya rame.
Damina ta wuce, aka yanke gero.
A wata na biyar takarda ta iso,
'yar falle ɗaya, ba ta kai rasit ɗin mai ba.
A lokacin ina ɗaukar butata da kaina.

Ya zare hannu daga aljihu, ya miƙo.
"Matsa," ya ce.
Na matsa.
Tafinsa sanyi, yana ɗan rawa.
Ya bi yatsuna ɗaya-ɗaya,
kamar mai duba ƙaurar da ya daɗe yana aika mata taki
bai taɓa shiga gonar ba.

Yanzu Rifkatu ta ce ya fara cike wani fom,
na wata ƙasa mai ƙanƙara,
inda za su sake tambayarsa ko ya san gwiwa.
Na sa Babayo ya rubuta masa tawa shaidar.
Ba ta da hatimi.
Ni na sa hannu, da dama.